Monita ɗaya, kwamfuta biyu: yadda aka yi a wani shagon sitika a Tudun Wada

Shagon yana Tudun Wadar Kaduna, ba nisa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha da kowa ke kira Poli. Da safe ɗalibai ke cika shi, masu buga takardun makaranta da masu cike fom a intanet da masu son a fitar musu da sakamakon jarrabawa. Daga la'asar kuma aikin sitika ake yi: rubutun bayan Keke Napep, sunayen shaguna, allunan makarantun Islamiyya. Mai shagon dattijo ne, Malam nake ce masa, shi kuma yana ce mini Injiniya don ni ke duba masa na'urori. Ɗan ƙanwarsa ne ke zama a kan kwamfuta.

Kwamfutocin biyu ne, kuma babu wadda za a iya sallama. Tsohuwar tana ɗauke da Windows 7, ita ce ke tuƙa injin yanka sitika ta tsohuwar kafar nan mai allurai 9, kuma manhajar injin ba ta yarda ta zauna a kan sabon Windows ba. Tun ranar 14 ga Janairun 2020 kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 7 gyaran tsaro, saboda haka muka yanke tun farko cewa wannan kwamfuta ba za ta sake shiga intanet ba. Sabuwar kuwa ƙaramar ce, irin na hannun nan da ake shigowa da su daga ofisoshin ƙasashen waje, tana da sabon Windows, a kanta ake zane da CorelDRAW kuma ita ke shiga intanet.

Monita ɗaya ce, mai inci 19, kafar shigarta ɗaya tak, ta VGA, wato tsohuwar kafar da hoto ke shiga. Malam ya ce batirin inbata ne ya hana shi ƙara wata, amma monita irin wannan ba ta cin wuta sosai. Ainihin dalilin wuri ne. Firinta ta cinye rabin teburin, sikana tana gefe, ga wurin shimfiɗa sitika a ciro harafi. Ba inda za a ajiye allo na biyu sai an kori benci, bencin kuma na kwastomomi ne.

Da hannu ake canzawa

Kafin a kira ni, yaron kan sunkuya ƙarƙashin teburi ya kwance wayar monita daga wannan kwamfuta ya ɗaura wa waccan. Tsohuwar tana da kafar VGA a jikinta. Sabuwar ba ta da ita, sababbin kafofin hoto, HDMI da DisplayPort, kawai gare ta, don haka aka saya mata konbata da ke karɓar HDMI ta fitar da VGA.

Kan wayar VGA allurai 15 ne a jere uku, kuma kamfanin IBM da ya fito da ita a 1987 bai yi ta don a riƙa cire ta ana maidawa wuni guda ba. Allura ta 1 ita ke ɗauke da ja, ta 2 kore, ta 3 shuɗi. Wata rana allon ya wayi gari rawaya fatau, farar takarda ta koma kamar an jiƙa ta da kurkum. Malam ya ɗauka monitar ce ta mutu. Da na haska kan wayar sai ga allura ta 3 ta lanƙwashe ta kwanta, shuɗi ya daina isowa, ja da kore suka haɗu suka ba da rawaya. Da ta 2 ce ta lanƙwashe da allon ya koma ruwan hoda mai duhu. Aka canza waya, launi ya dawo, amma a fili yake cewa in aka ci gaba a haka kafar monitar kanta ce za ta saki, ita kuma ba a canza ta da sauƙi irin na waya.

Sayayyar farko

Malam ya aiki yaron cikin gari da saƙo na baki: a ba shi abin da zai haɗa kwamfuta biyu da monita ɗaya. Ya dawo da waya mai reshe biyu, kai ɗaya a wannan gefe, biyu a wancan. A ido dai ita ce ake nema. Amma an yi ta ne don akasin haka, wato kwamfuta ɗaya ta aika hoto iri ɗaya zuwa allo biyu, irin yadda ake yi a ɗakin taro. Mai rabawa ke nan, ba mai sauyawa ba. Yaron ya nemo 'yan mahaɗai ya juya ta baibai, ta kuwa yi aiki muddin kwamfuta ɗaya ce a kunne. Da aka kunna ta biyun sai hotunan suka hau kan juna, allon ya dusashe yana rawa, can ya ɗauke. Kwamfutocin biyu suna tura wutarsu cikin waya ɗaya, kowace na tunkuɗar 'yar'uwarta, abin da ba shi da kyau ga ɓangaren hotonsu in ya daɗe.

Ba na ganin laifin yaron, kuma mai sayarwar ma da wuya a ce da gangan ya yi. Kwalayen na'urorin nan kama suke yi, hoton jikinsu kama yake yi. Bambancin yana ga kibiya: shiga biyu fita ɗaya, ko shiga ɗaya fita biyu. Wanda zai saya ya ƙirga kafofin da aka rubuta wa IN da waɗanda aka rubuta wa OUT kafin ya miƙa kuɗi.

Aka mayar, aka karɓo ƙaramin akwatin ƙarfe mai maɓalli biyu, A da B, wanda ba ya buƙatar wuta. In ka danna, wasu 'yan ƙarafa ne a ciki ke sakin wannan waya su kama waccan. Sunkuyo ya ƙare. A nan ne kuma matsalar da ta fi ɗaure kai ta fito.

Da'irar da ta koma ƙwai

Wasu ranakun komai lafiya. Wasu ranakun sabuwar kwamfutar kan tashi da rubutu manya-manya, hoto a buɗe ta gefe, gumakan da aka jera a fuskar allo sun watse. Yaron ya zana tambarin wata makaranta mai da'ira, ya ga ta yi faɗi, ya matse ta har ta yi masa daidai a ido. Da injin ya yanka sai ga ƙwai a tsaye. Allon ne ya yi masa ƙarya, sitikar kuma ta riga ta tafi.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne wayar monita ba hoto kaɗai take kaiwa ba, tana kuma dawo da bayani. A cikin kowace monita akwai ɗan guntun ma'aji da ke ɗauke da bayanin da ake kira EDID: sunan kamfanin da ya ƙera ta, samfurinta, girmanta, da jerin ma'aunin hoton da take iya nunawa. Asalinsa bait 128 ne kacal. Da kwamfuta ta tashi sai ta tambayi wannan bayani, a wayar VGA ta allura ta 12 da ta 15. Monitar shagon ta kan amsa cewa nata ma'aunin ɗigo 1440 ne a kwance, 900 a tsaye. In kwamfuta ta yi tambaya ba ta ji amsa ba, sai ta yi irin ta telan da bai auna ka ba, ta ɗinka na kowa da kowa, galibi 1024 da 768. Wannan ma'auni na tsofaffin allo ne masu kusan murabba'i, monita mai faɗi kuma sai ta ja shi ta cika fuskarta da shi. Shi ya sa da'ira ta buɗe.

Da na gane haka sai na tambayi yaron yadda yake kunna su da safe. Ya ce, "Yaya, duk wadda hannuna ya fara kaiwa." To, nan take. In maɓalli yana kan A aka kunna kwamfutar B, tambayarta ba ta isa ga monita, don akwatin ya yanke hanyar. Ranar da ya dace maɓallin yana gefenta, ranar ce komai ke lafiya. A wasu akwatunan masu araha ma ba a haɗa waɗannan allurai biyu ba sam, ko wane gefe maɓallin yake.

Akwai hanyar ganewa ba tare da kwance komai ba. A shiga inda Windows ke jera na'urorin da ke jikin kwamfuta a duba sunan monita. In an ga sunan kamfaninta, ko Generic PnP Monitor, an karanta bayanin. In an ga Generic Non-PnP Monitor, ba a karanta ba.

Ana iya zama da akwatin a haka in za a kiyaye doka: danna A, kunna A, jira ta gama tashi, danna B, kunna B. Amma a Kaduna ba sau ɗaya ake kunna kwamfuta a wuni ba. A ɗauke wuta, batir ya yi ƙasa, a tayar da janareto, kwastoma na tsaye a kanka, wa zai tuna da jerin nan? Ga kuma kibod biyu da maus biyu a kan teburin da dama ba shi da wuri. Sau da yawa yaron kan yi ta bugu a kibod ɗin da ba shi ba, yana kallon allo yana mamakin ba abin da ya fito, alhali haruffan suna can suna shiga wani fayil a kwamfutar da ba a gani. Wannan ya fi ba ni tsoro fiye da da'irar. Da hazo ya sauko kuma ƙura ta shiga 'yan ƙarafan cikin akwatin, sai an danna da ƙarfi kafin launi ya cika.

Abin da muka auna

Na shimfiɗa wa Malam hanyoyin da ke akwai. Wadda na fi so ita ce a sayar da monitar a sayo mai kafa biyu, VGA da HDMI. Kowace kwamfuta ta samu wayarta kai tsaye, a riƙa sauyawa da maɓallin jikin monita, konbata ta fita daga lissafi, sannan a ƙara ƙaramin akwatin USB don kibod da maus. Duk wanda zai fara wannan aiki ya leƙa bayan monitarsa tukuna, da yawa suna da kafa ta biyu masu su ba su taɓa lura ba. Malam ya ce ba yanzu ba, kuɗin da ke hannu na sayen nadin sitika ne.

Yaron ya kawo shawarar manhaja, ya ji ana iya shiga wata kwamfuta daga cikin wata. Gaskiya ne, Remote Desktop na yin haka, kuma akwai irin su Mouse without Borders da ke raba kibod da maus, sai dai su kowace kwamfuta na buƙatar allonta. Amma dukansu sai an haɗa kwamfutocin a kan hanyar sadarwa ɗaya, mu kuma duk dabararmu ita ce tsohuwar ta zauna ita kaɗai. Na ƙi wannan, kuma har yanzu ina ganin daidai ne.

Saura akwatin da 'yan kasuwa ke kira KVM, mai sauya hoto da kibod da maus a dannawa ɗaya. Na ɗauki hoton bayan na'urorin uku a waya, na tafi wajen masu kayan kwamfuta na kusa da Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Sharaɗina biyu: ya zama na VGA da USB mai ɗaukar kwamfuta biyu, kuma ya zama yana riƙe bayanin EDID a cikinsa ya riƙa amsa wa kowace kwamfuta ko ba gefenta aka zaɓa ba. Ba duka ke yin haka ba, kuma ba kowane kwali ke faɗa ba, don haka muka yi da mai kayan cewa in bai yi ba zan dawo da shi. Gwajin mai sauƙi ne. Na bar zaɓi a kan tsohuwar, na kunna sabuwar a ɓoye, na jira, na sauya. Ta fito da 1440 da 900. Na juya gwajin, haka. Da sauyawa kuma tagogin da aka bari a buɗe suna nan inda suke.

Ƙananan abubuwan da suka biyo baya

Hoton sabuwar ya riƙa ƙiftawa jefi-jefi. Ba akwatin ba ne, konbatar ce. HDMI, da aka fitar da ƙa'idarta a ƙarshen 2002, lambobi take aikawa, VGA kuwa hawa da saukar wuta ce, saboda haka a cikin konbata akwai ɗan guntu mai fassara da ke buƙatar wutarsa. Yana tsotsa ne daga allura ta 18 ta HDMI mai bolt 5, amma abin da ƙa'ida ta wajabta wa wannan allura kaɗan ne, miliamfa 55. Konbatar shagon tana da ƙaramar kafa a gefe da ba wanda ya kula da ita. Da aka ba ta wuta daga USB ƙiftawa ta tsaya. A tuna kuma konbata hanya ɗaya take bi: mai kai HDMI zuwa VGA ba ta komowa da baya, ta VGA zuwa HDMI wata ce daban.

Sai inuwa a gefen haruffa, da wasu layuka da ke hawa allo a hankali in an koma janareto. Inuwar daga doguwar siririyar wayar da ke tsakanin akwati da monita ce. Hoton VGA yana raguwa a kowace mahaɗa da kowane ƙarin tsawo, ga shi yanzu mahaɗan sun yi yawa. Gajera mai kauri, mai ƙullin nan a kusa da kai, ta share inuwar, aka danna Auto a jikin monita ta daidaita kanta. Layukan kuwa sun zo ne don tsohuwar kwamfutar tana soket ɗin bango, sabuwar da monita suna wani layin, wayar ƙasa ta ginin kuma ba ta da ƙarfi. Muka tara su ukun a kan abin jona wuta guda, layukan suka ɓace.

Kibod da maus marasa waya da yaron ke so ba su yi jituwa da akwatin ba, maus ɗin na tsalle. Kafofin kibod da maus na irin waɗannan akwatuna sukan saurari abin da ake bugawa don su kama umarnin sauyawa, a na shagon shi ne danna maɓallin Scroll Lock na kibod sau biyu, kuma ba kowane ɗan abin nan na mara waya da ake sokawa a kafar USB suke fahimta ba. Aka koma masu waya. Sannan akwatin daga USB na kwamfutocin biyu yake shan wuta, don haka in ya daskare bayan wuta ta yi wasa, kashe kwamfuta ɗaya ba ya farfaɗo da shi. Sai an zare wayoyin USB duka biyu an maida. Na rubuta wannan a takarda na manna a gefen teburi.

Kafar da muka toshe

A gaban akwatin akwai ƙarin kafar USB, wadda duk abin da aka soka mata yake bin zaɓi: in kana kan A yana A, in ka sauya ya koma B. Yaron ya ji daɗinta ƙwarai. Dama kullum sai ya kwashe zane daga sabuwar zuwa tsohuwar don a yanka, ga shi yanzu filash na tsallakawa da dannawa ɗaya. Kuma ta fi kusa da hannu, ba sai an miƙa bayan kwamfuta ba.

Illar farko ta bayyana da wuri. Ana cikin kwafar babban fayil ya sauya don ya duba injin, filash ɗin ya yanke kamar an fizge shi, fayil ya lalace. Ta biyun ce ta tayar mini da hankali. Filash ɗin ɗalibai ya zaga shaguna da yawa kafin ya iso nan, kuma duk mai wannan sana'a ya san cutar nan da ke ɓoye fayiloli ta bar gumakan bogi a madadinsu. Sabuwar kwamfutar tana da kariyar da ake sabuntawa, takan kama. Tsohuwar ba ta da mai tsaron ƙofa. In filash ɗin kwastoma yana wannan kafa aka danna maɓalli, ya faɗa cikin kwamfutar da muka yi ta wahalar killacewa, wadda in ta lalace aikin sitika ya tsaya, don faifan manhajar injin ya daɗe da ɓata.

Na faɗa wa Malam amfanin akwatin a wurinsa shi ne yana haɗa abin da ake gani da abin da ake taɓawa, ba ya haɗa cikin kwamfutocin, kuma wannan kafa ita kaɗai ce ta karya wannan. Yaron bai so ba. Ya ce, "Kawu, ai zan riƙa lura." Malam ya ce masa lura tana da iyaka ranar da mutum goma suka tsaya a kansa. Muka liƙe kafar da baƙin tef. Filash ɗin kwastoma yanzu a jikin sabuwar kaɗai yake shiga, ta wata 'yar wayar ƙari da aka ɗaure a bakin teburi. Zane kuma yana tafiya ne a filash guda na shago, an ɗaura masa jan zare, ba ya fita ƙofa, ana duba shi a sabuwar kafin a kai shi tsohuwar. Na kuma kwafi dukan faifan tsohuwar kwamfutar a wani faifai daban, Malam ya tafi da shi gida.

Yadda teburin yake yanzu: monita ɗaya, kibod ɗaya, maus ɗaya, akwatin an ɗaure shi a ƙarƙashin katako inda ƙura ba ta sauka kai tsaye, maɓallinsa na leƙowa. Sauyawa na ɗaukar 'yan daƙiƙoƙi kafin hoto ya zauna maus ya amsa, yaron ya saba da jira. Sauti bai bi ta akwatin ba tunda VGA ba ta ɗaukar sauti, sifika tana jikin sabuwar ita kaɗai, tsohuwar dama ba ta da abin faɗa. Hoton sabuwar bai kai kaifin da zai yi ba da HDMI ce kai tsaye, ana ganin haka a ƙananan haruffa. Malam ya ce bayan Sallah zai duba maganar monita mai kafa biyu. In ta zo, HDMI za ta tafi kai tsaye, konbata ta huta, akwatin kuma ya ci gaba da aikin kibod da maus, tef ɗinsa na nan a inda yake.